Idan Za a Kai Ɗalibai Venis, a Bar Su Su Kwana

Duk shekara, da zarar sanyin Turai ya fara sauƙi, makarantu daga ƙasashe da dama sukan kwashi ɗalibansu zuwa Venis, birnin nan na arewa maso gabashin Italiya da aka gina a kan tsibirai 118 a cikin wani tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da tekun Adriyatik. Ni malamin tarihi ne, kuma sau biyu na raka ɗaliban sakandare zuwa wannan birni, tafiyar farko ta yini guda, ta biyu kuma ta kwana uku. Abin da idona ya gane mini a waɗannan tafiye-tafiye biyu shi ya tsayar da ni a kan ra'ayin da nake so in bayyana wa iyaye da shugabannin makarantu, wato makarantar da ba za ta shirya ɗalibanta tun a aji ba, kuma ba za ta bar su su kwana a Venis ba, gara ta cire birnin daga jadawalinta baki ɗaya.

A tafiyarmu ta farko, kamfanin da ya shirya mana balaguron ya cusa birane huɗu na Italiya cikin mako guda, Venis ta samu awa shida. Motarmu ta haye doguwar gadar da ta haɗa birnin da tudu da misalin ƙarfe goma na safe, ta ajiye mu a inda titin mota ya ƙare, daga nan muka bi allunan nan masu ruwan ɗorawa da ke nuna hanyar gadar Rialto da dandalin San Marco, muna cikin ayarin dubban mutane da duk suka nufi wuri ɗaya. A kan wata 'yar siririyar gada ɗalibaina suka jeru domin ɗaukar hoto, suka toshe hanya ba tare da sun sani ba. Wata dattijuwa da za ta haura shekara saba'in ta iso tana jan jakar cefane mai taya, ta ce "permesso" sau biyu, ma'ana a ba ta hanya, babu wanda ya gane abin da take faɗa. Ta tsaya ta jira har suka gama, sannan ta riƙa jan jakar matakala bayan matakala, a fuskarta babu fushi sai gajiyar mutumin da abin ya zame masa jiki. Da na kira su gefe na yi musu magana, wata ɗaliba ta dube ni da mamaki na gaskiya ta ce, "Malam, wai akwai mutanen da ke zaune a nan?"

Ban ga laifin yarinyar ba, domin mu manya ne muka kawo ta wurin a kan tsarin da ba zai bari ta san haka ba. Bayan mun dawo na sa kowa ya rubuta shafi biyu a kan abin da ya koya, kusan duka suka rubuto mini labarin kwale-kwalen gondola da tattabarun dandalin San Marco da shagunan sayar da abin rufe fuska na biki. Babu ko ɗaya da ya iya faɗin abin da ya riƙe waɗannan manyan gine-gine a kan laka na ɗaruruwan shekaru, ko inda mazauna birnin suke samun ruwan sha a zamanin da, alhali ruwan gishiri ne ya kewaye su ta ko'ina. An ce gani ya kori ji, amma baƙon da aka kora da sauri ta tsakiyar gari bai ga komai ba ko da idanunsa a buɗe suke.

Wajibi ne duk mai shirya irin wannan tafiya ya san halin da birnin yake ciki. A shekarar 1951 tsohon garin Venis yana da mazauna kimanin 175,000, amma a 2022 adadin ya faɗi ƙasa da 50,000. Mutane sun yi ta ƙaura zuwa Mestre da sauran garuruwan tudu saboda tsadar haya, da wahalar zama a gidajen da danshi ke ci, da kuma yadda masu gidaje suka gwammace su ba baƙi haya na kwana biyu a kan su ba iyali na shekara. A tagar wani kantin magani kusa da gadar Rialto akwai allon lantarki da ke nuna yawan mazaunan da suka rage, mutanen gari suna wucewa suna duba shi kamar yadda ake duba awon majinyaci. A gefe guda kuma miliyoyin baƙi ke shigowa duk shekara, mafi yawansu masu zuwa da safe su tafi da yamma, waɗanda suke cika lunguna da jiragen ruwan haya, su bar shara, ba tare da sun kashe abin kirki a hannun ɗan gari ba. Ayarin ɗalibai na awa shida, komai kyawun niyyar malamansu, yana cikin wannan rukuni.

Hukumomi sun fara ɗaukar matakai. Tun daga watan Agustan 2021 aka hana manyan jiragen ruwan shaƙatawa masu nauyin da ya wuce tan 25,000 bi ta gaban San Marco. A ranar 25 ga Afrilun 2024 aka fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar yini guda a wasu ranakun cunkoso, kuma daga Agustan 2024 aka ƙayyade ayarin masu yawon buɗe ido kada ya wuce mutum 25, aka kuma hana jagorori amfani da lasifika. Abin da ya fi jan hankalina a wannan doka ta ƙarshe shi ne an keɓe ɗalibai masu ziyarar karatu, ba ta hau kansu ba. Birnin da yake neman rage baƙi ya bar ƙofa a buɗe ga 'yan makaranta saboda ya ɗauka karatu ya kawo su, kuma a wurina wannan amana ce. Makarantar da ta yi amfani da wannan rangwame domin ta kora yara arba'in ta cikin lunguna su ɗauki hoto su fita ta ci amanar masu masaukinta.

Akwai masu ganin cewa tunda abin ya kai haka, a daina kai ɗalibai kwata-kwata, a nuna musu birnin a majigi ko a kwamfuta, a huta da kashe kuɗi da ƙara wa mutanen Venis nauyi. Na fahimci wannan magana kuma ina girmama ta, amma ban yarda da ita ba, dalilina kuwa shi ne abin da ya faru a tafiyarmu ta biyu. Kafin mu tashi mun yi mako shida muna nazarin birnin a aji, kowane rukuni na ɗalibai biyar da tambayar da zai je ya nemo amsarta, mun kuma koyi kalmomi goma na Italiyanci, ciki har da wadda dattijuwar nan ta faɗa. Muka sauka a wani masauki mai sauƙin kuɗi a unguwar Cannaregio, nesa da cunkoson San Marco. Washegari na tashe su tun ƙarfe shida da rabi, muka fita kafin baƙin yini su iso. Suka ga masu kwasar shara suna tura amalanke daga ƙofa zuwa ƙofa suna kai wa jirgin da ke jira a bakin ruwa, suka ga jiragen dakon kayan lambu da na siminti, suka ga jirgin ɗaukar marasa lafiya ya wuce da jiniya, suka ga iyaye suna raka yara makaranta a ƙafa. A cikin awa ɗaya suka gane cewa duk abin da mota take yi a wasu birane, a nan jirgi da ƙafa ke yin sa, har kai gawa maƙabarta, wadda ita ma tsibiri ce mai suna San Michele.

Na ba wani rukuni aiki mai sauƙi: su zaɓi matakalar dutse ɗaya da ke gangarawa cikin ruwa kusa da masaukinmu, su riƙa ƙirga matakan da suke a bushe sau huɗu a yini. Da safe suka ƙirga biyar, da azahar suka tarar saura biyu, da magariba ruwan ya sake janyewa. Wani yaro da ba ya cika magana a aji ya durƙusa ya shafa koren gansakukan da ya yi layi a jikin bango, ya ɗaga kai ya ga inda bulo ya zagwanye a sama da layin, ya tambaye ni me ya sa ɓarnar ta fi yawa a inda ruwa ba ya kaiwa. Daga wannan tambaya muka shiga darasin da na yi shekaru ina ƙoƙarin koyarwa da alli. Magina na da sun kafa dubban turakun itace a cikin laka, suka shimfiɗa katako a kansu, suka ɗora farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istriya a ƙetaren tekun Adriyatik, wanda ruwa ba ya ratsa shi, sannan suka yi gini da bulo a sama. Turakun ba sa ruɓewa saboda iska ba ta shiga inda suke. Matsalar ita ce a ƙarni na ashirin birnin ya yi ƙasa da fiye da santimita 20 idan aka gwada da teku, wani ɓangare saboda tekun ya ƙaru, wani kuma saboda masana'antun Marghera, a kan tudun da ke gaɓar tafkin, sun yi ta zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa har sai da aka tsayar da su a shekarun 1970. Yanzu ruwa yakan haura dutsen ya taɓa bulo, bulon ya tsotse shi zuwa sama, ruwan ya bushe ya bar gishiri, gishirin kuma ya farfasa bangon daga ciki. Yaron ya fahimci wannan ne da yatsunsa, kuma na tabbata ba zai manta ba.

Haka batun ruwan sha. A tsakiyar kusan kowane dandali na Venis akwai bakin rijiya na dutse da aka rufe da murfin ƙarfe, baƙi suna jingina da shi suna cin abinci ba su san mene ne ba. Ba rijiya ba ce irin wadda ake haƙawa a tarar da ruwa. Mutanen zamanin da sukan haƙa babban rami a ƙarƙashin dandalin, su shafe shi da yumɓu don kada ruwan gishiri ya shigo, su cika shi da yashi, sannan su bar ƙofofi a daɓen dandalin inda ruwan sama zai bi ya tace ta cikin yashin ya taru a tsakiya. Da haka birnin ya rayu har zuwa 1884 da aka jawo bututun ruwa daga tudu. Ɗalibaina suka riƙa neman waɗannan ƙofofi a daɓe, suna auna tazararsu da taku, suna lura da yadda aka karkatar da ƙasa zuwa gare su. Irin wannan dubawa tana buƙatar lokaci da natsuwa, abubuwa biyu da ziyarar awa shida ba ta da su.

A rana ta biyu muka shiga jirgin haya muka fita cikin tafkin, domin wanda bai ga tafkin ba bai san dalilin birnin ba. A nan ne muka yi maganar ambaliya. Ranar 4 ga Nuwamban 1966 ruwa ya kai santimita 194 sama da ma'aunin birnin, ranar 12 ga Nuwamban 2019 kuma ya kai 187, ya shiga majami'ar San Marco da gidaje da shaguna. Gwamnatin Italiya ta gina wani shinge mai suna MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a ƙasan ruwa a mashigai uku da suka haɗa tafkin da teku, waɗanda ake hura wa iska su taso su tare ruwa idan an hango babbar cikowa. An fara aikin a 2003, ya ci kimanin Yuro biliyan 6, badaƙalar cin hanci ta dabaibaye shi a 2014 har aka kama manyan jami'ai, kuma sai a watan Oktoban 2020 aka fara ɗaga shi don tare ambaliya ta gaske. Yana aiki, amma idan teku ta ci gaba da ƙaruwa dole a riƙa rufe shi akai-akai, rufewar kuma tana hana jiragen kaya shiga tashar ruwa, tana kuma hana cikowa da janyewar da ke wanke magudanan birnin. Na raba ɗaliban gida biyu suka yi muhawara a kan wannan da daddare, kuma ban taɓa jin sun yi gardama a kan sauyin yanayi da irin wannan zafi ba, domin ruwan da suke magana a kansa yana bugun bangon ɗakin da suke zaune.

Tarihin ma a nan yana da jiki, ana iya nuna shi da yatsa, da mai daɗi da marar daɗi. Venis ta yi arziki ne da fatauci tsakanin Turai da ƙasashen Gabas, jiragenta suna zuwa Iskandariya da Sham suna sayo barkono da alharini, kuma ginin da ake kira Fondaco dei Turchi, inda aka sauke 'yan kasuwar Daular Usmaniyya daga 1621, yana nan a bakin babbar mashigar ruwan da ta ratsa tsakiyar birnin har yau. A wannan birni ne aka fara buga Alƙur'ani da haruffan Larabci na maɗaba'a wajen 1537 zuwa 1538, bugun da ya cika da kurakurai bai karɓu ba, ya ɓace sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu limaman Kirista. A nan aka ware tsibiri guda a 1423 domin killace masu annoba, kuma kalmar da yawancin harsunan Turai ke amfani da ita wajen killacewa ta fito ne daga kwana arba'in da ake tsare jirage. Amma kuma dawakan tagulla huɗu na majami'ar San Marco ganima ce da aka kwaso daga Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1204, lokacin da mayaƙan da Venis ta ɗauko a jiragenta suka wawashe birnin 'yan'uwansu Kiristoci, kuma a 1516 hukumar Venis ta tilasta wa Yahudawa zama a unguwa ɗaya da ake kulle ƙofofinta da dare. Mun tsaya a wannan unguwa, ɗalibai suka ɗaga kai suka ga gidaje masu hawa bakwai da rufin ɗakunansu ya yi ƙasa-ƙasa, suka gane da kansu cewa mutanen da aka hana faɗaɗawa gefe dole su yi sama. Jagoran yawon buɗe ido da ke sauri ya mai da ayari mota ba zai tsaya a nan ba, malami ne ya kamata ya tsaya.

Babbar hujjar da za a kawo mini ita ce kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Kwana a Venis yana da tsada, tikitin jirgin haya na minti 75 kaɗai Yuro 9.50 ne, kuma kowane ƙarin dare yana nufin wani uba ko wata uwa za su ce ɗansu ba zai je ba. Babu abin da ya fi ci mini rai a harkar tafiye-tafiyen makaranta kamar yaron da ya fi kowa son tarihi ya zauna a aji shi kaɗai, abokansa suna turo hotuna. Sai dai idan aka zauna aka yi lissafi, za a ga cewa abin da ke cinye kuɗin shi ne yawan biranen da ake cusawa, da hayar babbar mota daga wannan gari zuwa wancan, da abubuwan ƙawa da kamfanoni ke sakawa don jadawalin ya yi kyau a idon iyaye. A tafiyarmu ta biyu mun rage birane daga huɗu zuwa biyu, mun sayi tikitin jirgi na kwanaki wanda ya fi araha, kuma maimakon gondola da ake biyan Yuro 90 na rabin awa, mun tsallake babbar mashigar a irin kwale-kwalen fiton da 'yan gari ke hawa, Yuro 2 kowane mutum. Abin da ya ragu muka haɗa da gudunmawar wasu iyaye muka biya wa ɗalibai uku da ba su da hali, ba tare da sauran sun san ko su wane ne ba. Ina ganin duk makarantar da ke shirya tafiya zuwa ƙasar waje ya kamata ta fara da ware wannan kaso kafin ta buga takardar sanarwa.

Batun tsaro shi ma ya fi sauƙi ga wanda ya kwana. Yawancin bakin ruwan Venis babu shinge, matakalu suna da santsi, lungunan kuma suna ɓatar da babba balle yaro, saboda haka malami ɗaya ga ɗalibai takwas ko goma shi ne abin da hankalina ya kwanta da shi. Yaran da ake kora da gudu cikin cunkoson tsakar rana su ne suka fi ɓacewa, waɗanda kuwa suka san unguwarsu da sunan tashar jirginsu suna iya mai da kansu gida. Mun kuma karanta musu dokokin birnin tun kafin mu sauka: ba a zama a kan gada ko matakalar tarihi a ci abinci, ba a ciyar da tattabaru, ba a shiga ruwa, a lungu kuma ana bin dama a jere ɗaya.

A safiyar da za mu tafi, muna jan jakunkunanmu zuwa tashar jirgin ƙasa, wani tsoho ya biyo bayanmu da amalanken kwalaben ruwa a gindin wata gada. Kafin in buɗe baki ɗalibai suka matsa jikin bango suka ba shi hanya, biyu daga cikin samarin suka kama gaban amalanken suka taya shi hawa. Saboda haka nake roƙon duk mahaifin da aka kawo wa takardar tafiya mai ɗauke da sunan Venis ya nemi a nuna masa jadawalin awa bayan awa, ya tambayi darasi nawa za a yi a aji kafin a tashi, ya tambayi wane aiki ɗansa zai rubuto idan ya dawo, da kuma abin da aka tanadar wa yaran da iyayensu ba za su iya biya ba. Idan ya ga an rubuta isowa ƙarfe goma da tashi ƙarfe huɗu, ya je taron iyaye da malamai ya nemi a cire gari ɗaya daga jerin a mayar da kwanakinsa Venis.